Gasar kati ta intanet, kuɗin Yaya da fushin Baba

Wasiƙar wannan makon daga Tawa ta zo, daga wani matashi ɗan shekara 19 da ke ajin ƙarshe na lise. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane shi.

"Malam, shekara biyu ke nan ina buga Yu-Gi-Oh! Master Duel a waya, kuma a fadarmu babu mai kayar da ni. A watan jiya na shiga wata gasa ta intanet da wasu ƴan wasa suka shirya. Mu 64 ne, kowa ya zuba jika 2, a yi zagaye 6, a ɗauki 8 na sama su kara, na ɗaya ya tafi da jika 50. Na ci zagaye uku a jere. A na huɗu kuran ya tafi, rezo ya bi shi, aka rubuta mini faɗuwa. Na biyar da hannuna na zubar, don raina a ɓace yake. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kafin gasar na kashe jika 45 wajen sayen fakitin kati, har dek ɗina, wato tarin katunan da nake shiga karawa da su, ya kai kati 60, kuma kuɗin da Yaya ya aiko daga Abijan ne don in biya darussan ƙari na shirin BAC. Baba ya ga katunan a wayata, ya ce karta ce, karta kuwa caca ce, kada ya sake gani. Bai san zancen kuɗin ba. Nan da mako uku za a sake gasar. Ina ganin in na ƙara jika 15 na sayi katunan da suka rage mini, zan ci, in mayar da kuɗin Yaya ba tare da kowa ya ji ba. Me kake gani?"

Ƙanena, sannu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na ji daɗin yadda ka faɗi zancen kuɗin ba tare da ka yi masa kwalliya ba. Amsar tambayarka ita ce kada ka ƙara ko dala. Duba lissafin da kanka: jika 45 da 15 sun zama 60, da kuɗin shiga 62, ban da biyun da ka zuba a watan jiya. Abin da ke jiran na ɗaya kuwa 50 ne. Ko ka cinye gasar tun daga farko har ƙarshe, ramin bai cike ba.

Aikina koyar da lissafi ne a nan Yamai, kuma wasan nan ina buga shi da ƙannena, don haka bari mu ƙirga sauran tare. Tsarin da ka kwatanta shi ake kira tsarin Suwis, wanda aka fara amfani da shi a gasar darar Turawa a birnin Zurik a 1895. Ba a korar kowa, amma kowane zagaye ana haɗa ka da mai maki irin naka, ke nan duk lokacin da ka ci, wanda ya fi na baya ƙarfi za a kawo maka. Cikin mutum 64, in ba a yi kunnen doki ba, bayan zagaye 6 mutum ɗaya ne zai fita bai faɗi ba, 6 sun faɗi sau ɗaya, 15 sun faɗi sau biyu. Kujera 8 ce. Bakwai sun riga sun cika, sauran ɗayar mutum 15 ke kallonta. To mu ɗauka kai gwani ne na gaske, cikin karawa 10 da ƴan gasa kana cin 6. Kada ka raina wannan adadin, don a fada kana iya cin 9 cikin 10, amma duk wanda ya cire kuɗi ya shiga gasa shi ma zakaran fadarsu ne. Da wannan ƙarfin, damarka ta cin zagaye 5 ko 6 kashi 23 ce cikin 100. In ka haye, sai ka kayar da mutum uku a jere ba tare da tuntuɓe ba, wannan kuma kusan kashi 22 ne. Ninka su biyun, ka samu kashi 5 cikin 100. Sau ɗaya cikin gasa 20. A kan wannan ne kake son ɗora amanar yayanka.

Ina so ka tsaya a nan ka saurari abin da zuciyarka ke gaya maka: "in ƙara kaɗan, in ci, in mayar, ba wanda zai ji." Wannan jimlar na sha jin ta daga bakin samari masu zuba kuɗi a wasan ƙwallo, kuma ita ce ta fi tsorata ni a duk wasiƙarka. Ranar da mutum ya fara wasa don ya cike gurbin abin da ya rasa, daɗin wasan ya tafi, kuma hannunsa ma ya lalace, saboda mai bin bashi a zuciya ba ya iya haƙurin da wasan kati ke bukata.

Saboda haka nake cewa Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba, ko da bai san sunan wasan ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Akwai abu uku a cikin lamarinka da suka cakuɗe, ya kamata mu ware su, don in ka je wurinsa ka san wanda za ka kare da wanda za ka amsa laifinsa.

Wasan kansa daban yake da kartar da Baba ya sani a tasha da bayan kasuwa. Irin wannan wasa na tara katuna da gina dek, wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya buɗe ƙofarsa a 1993 da wasan Magic: The Gathering. Naka kuwa kamfanin Konami na Japan ne ya fitar da shi a watan Janairu na 2022, kuma ana sauke shi kyauta. Karatu ne da tuna dokoki da hangen abin da abokin karawa zai yi, kowa ya fara da maki 8000 na rai, a yi ta dabara har na ɗaya ya ƙare. A 2023 an yi gasarsa ta duniya a Tokiyo, ƙungiya-ƙungiya, mutum uku-uku. Wannan ɓangaren kana iya kare shi da gaskiyarka. Amma ka san wani abu: Magic ɗin nan a farkonsa yana da dokar da kowane ɗan wasa zai ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe, kuma daga baya aka yi watsi da ita saboda ta yi kama da caca. Su ma masu abin sun ga inda iyakar take.

Sayen fakiti shi ne na biyu, kuma nan ne ƙafarka ta zame. Kana biyan kuɗi kafin ka ga abin da ke ciki. Kana neman katin UR guda ɗaya, wato irin wanda ya fi daraja da wuyar samu, fakiti ya buɗe ya ba ka wasu takwas da ba ka nema ba, sai zuciya ta ce na gaba ne. Ba da gangan kake jin haka ba, haka aka ƙera abin don ka ji. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin bidiyo caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasarsu. Turawa ne, ba da ayar Alƙur'ani suka auna ba, amma inda Baba ya tsaya nan suka tsaya.

Na uku shi ne tsarin gasar. Mutum 64 sun zuba kuɗi, wasu kaɗan sun kwashe, sauran sun tashi hannu banza. Aya ta 90 a suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a wuri ɗaya, kuma malamai da yawa suna kallon inda kuɗin kyauta ya fito: in daga aljihun masu takara ne, kowa ko ya ci ko a ci nasa, sun sa shi a babin caca; in wani ne daga waje ya sa kyautar, maganar ta sauya. Ka je wurin malamin unguwarku ka kwatanta masa tsarin daki-daki kamar yadda ka kwatanta mini, ka ji hukunci daga bakinsa. Kai ɗan Tawa ne, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Ka taɓa jin an ce ƴan kokowar jihohi takwas su haɗa kuɗi, wanda ya kai kowa ƙasa ya kwashe? Takobi da kyaututtuka daga hukuma da masu hannu da shuni suke fitowa, ɗan kokowa ƙarfinsa da dabararsa kawai yake kawowa fili. Shi ya sa uba ke zama a gaban rediyo yana alfahari da ɗansa. Wani abu kuma: jika 2 sau 64 jika 128 ne. Na ɗaya ya ɗauki 50. Ka taɓa tambayar inda sauran 78 ke tafiya, da wanda ke riƙe da su kafin a gama?

To ga ra'ayina ƙarara. Wannan gasar ta nan da mako uku, ka bar ta ta wuce. Ban ce ka bar wasan ba, kuma ban ce ka daina burin gasa ba. Mutumin da ya ci zagaye uku a jere cikin mutum 64 yana da abin da ya kamata a raya. A cikin wasan kansa ana buɗe gasanni lokaci zuwa lokaci, irin su Duelist Cup, ba a biyan ko tamma kafin a shiga. Kuma akwai ɗakin karawa na musamman da kowa ke iya buɗewa ya gayyato abokansa. Ku takwas a fada kuna iya shirya taku, zagaye uku, wani babba a unguwa ya sa kyauta in ya ga dama, ko a yi don suna kawai da tukunyar shayi.

Yanzu bari mu yi zancen wasa, don na san shi ne ke cin ranka. Ka ce katunan da suka rage maka ne matsala. Ni ina ganin katunan da suka yi maka yawa ne. Doka ta ba ka damar dek daga kati 40 zuwa 60, kowane kati har kwafi uku, kuma da kati 5 kake farawa a hannu. In kana da kwafi uku na katin da kake so a cikin 40, damar ka gan shi a hannun farko kashi 34 ce cikin 100. A cikin 60 ta sauka zuwa 23. In kana da kati 12 masu tayar maka da wasa, a dek na 40 za ka samu aƙalla ɗaya sau 85 cikin 100, a na 60 kuwa sau 69 kawai. Wato jika 45 ɗin da ka kashe, da ka cusa duk abin da ya fito a dek ɗaya don kada kuɗin ya zama asara, rage maka ƙarfi suka yi. In ba dek ne da aka gina musamman don yawan kati ba, ka sauko zuwa 40. Zai yi maka ciwo ka cire katin da ka saya da tsada, amma kati mai kyau da bai dace da sauran ba nauyi ne kawai.

Katunan da ka cire ba asara ba ne. Wanda ya fito daga fakiti kana iya narkar da shi ya ba ka maki 10, kuma da maki 30 kake ƙera duk katin da kake so mai daraja irin tasa. Uku da ba ka bukata, ɗaya da kake bukata. Ina kyautata zaton abin da kake son saye da jika 15 yana kwance a ma'ajiyarka, narkarwa kawai yake jira. Fara da katunan da ake jefawa daga hannu don katse abokin karawa, irin su Ash Blossom, don suna aiki a kusan kowane dek, kuma su ne ke cece ka ranar da aka jefa kwabo ɗan'uwanka ya zaɓi farawa. Ka tuna kuma Konami na sabunta jerin katunan da aka hana ko aka taƙaita a kai a kai. Katin da ke mulki yau, wata mai zuwa ana iya ce maka kwafi ɗaya kawai za ka sa. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai hankali zuba kuɗin karatu a ciki. In wani ya ce zai sayar maka da asusu ko jem, wato kuɗin cikin wasan, da araha, ko ya nemi lambar sirrinka don ya zuba maka, ka guje shi: ko ya gudu da asusun, ko kamfani ya rufe shi.

Ka lura da kashi 85 ɗin nan da na ambata. Ko da dek mafi tsari, kusan hannu ɗaya cikin bakwai zai zo maka a mace. Ba laifinka ba ne, ba kuma asiri aka yi maka ba. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi sau da dama, shi ma an taɓa kai shi ƙasa. Abin da ya fi ba ni takaici a labarinka shi ne, ɗaukewar kuran ba ita ta fitar da kai ba. Bayan zagaye na huɗu kana da ci uku da faɗuwa ɗaya. Da ka ci biyun da suka rage, da kana cikin takwas ɗin nan ba tare da jayayya ba. Zagaye na biyar, wanda ka shiga da zuciya a wuya, shi ya kore ka. Don haka duk ranar da ka faɗi a tsakiyar gasa, ajiye wayar, tashi, sha ruwa, wanke fuska, kada ka shiga gardama da masu shirya gasa kana huci. Bayan an gama, koma ka kalli karawar da wasan ya adana, ka nemi juyi ɗaya da za ka iya yi daban. Wani lokaci babu, sai ka ce sa'a ce ka wuce. Sau da yawa akwai.

Zancen kuran da rezo kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. A wasan nan in sadarwa ta yanke ta daɗe, faɗuwa ake rubuta maka, ba ruwan na'ura da uzuri. Cika wayar da batirin ajiya tun da safe. Nemi sim na wani kamfani dabam a wayar aboki, ya zauna kusa, in naka ya yanke ya raba maka nasa. Wasan ba ya cin megas da yawa lokacin karawa, abin da yake so shi ne rezo mai tsayawa wuri ɗaya, don haka ka gwada kusurwoyin gida kwana biyu kafin ranar, a daidai lokacin da za a yi gasar. Kiran waya na iya sauko da kai daga 4G a tsakiyar juyi, ka sanar da mutane kada su kira. Buɗe wasan da wuri ko akwai sabuntawa mai nauyi da za a sauke. A watannin Afrilu da Mayu zafin Adar na sa waya ta yi sanyin aiki, cire mata riga, ka zauna a inuwa. In masu shirya gasa a Faransa suke, ka tuna daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya: ƙarfe 6 nasu ƙarfe 5 ne namu. Zagaye shida kuma na iya cinye la'asar da magariba, ka faɗa musu tun farko za ka tashi salla, a san yadda za a yi.

Duk wannan sai bayan ka yi abin da kake gudu. Yaya za ka fara kira, kafin Baba, don kuɗinsa ne. Ka san yadda ƴan Adar ke samun kuɗi a Abijan, ka san rana nawa mutum ke yi a tsaye kafin ya ware jika 45 ya aiko gida. Kada ka aika masa saƙon murya, ka kira shi ya ji ka kai tsaye. Kada ka fara da labarin gasa ko na kuran. Ka ce, "Yaya, kuɗin darasi da ka aiko na kashe su a wasan waya, ban biya ba, na yi kuskure, ka yafe mini." Sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi faɗansa har ya gama. Ka zo da shirin biya a hannu, ko aikin hutu ne bayan jarrabawa, ko kaɗan-kaɗan daga abin da kake samu. Ka je wurin malamin da ke ba da darussan ka gaya masa halin da kake ciki, ka roƙi a bar ka ka fara zuwa kana biya a hankali. Mu malamai mun fi son ɗalibi ya zo da gaskiya a kan ya ɓace mana ana saura watanni a shiga BAC.

Baba kuwa, kada ka tunkare shi da waya a hannu kana son nuna masa ya yi kuskure. Ka bi ta wurin Inna ko wani baffanka da yake jin maganarsa, a zaunar da ku. Fara da amsa ɓangaren da ya yi gaskiya, ka gaya masa ka daina sayen fakiti kuma ba za ka sake shiga gasar zuba kuɗi ba. Daga nan ka roƙi izinin wasan da babu kuɗi a ciki, da lokacin da shi zai yanka maka. In ya amince, ka riƙe alkawarin ko ba ya gida. In ya ce a'a, ka haɗa asusunka da Konami ID don kada katunanka su ɓata, ka cire wasan daga wayar har ka gama jarrabawa, sannan ka koma masa da sakamako a hannu ka sake roƙo.

Ka kira Yaya kafin Juma'ar nan. Bayan kun yi magana ka rubuto mini yadda kuka ƙare, ka haɗo da jerin katunan 40 ɗin da ka zaɓa, in duba maka su.